Tela a Kasuwar 'Yan Ƙwallo

Shekara talatin Yanka-Ɗaya yana ɗinki a shagon da ke jikin gidansa, kuma a faɗarsa bai taɓa warware ɗinkin da ya yi ba, ko na inci ɗaya. Daga nan sunan ya samo asali, kuma shi ya laƙaba wa kansa da ya ga mutane suna jan ƙafa. In ya ɗora almakashi a kan yadi sai ya dubi mai kaya ya ce, "Buɗe ido ka kalla. Awo ɗaya, yanka ɗaya, ɗinki ɗaya." Ba shi da mota, ba shi da gona, gidan ma rabinsa na ƙanwarsa ne. Sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka, kuma ya gwammace a ce gobara ta cinye keken ɗinkinsa da a ce ya kuskure awo.

Unguwar tana da kulob ɗin ƙwallo mai suna Walƙiya, wanda ya shekara goma a tsakiyar teburi, bai ci kofi ba, bai kuma faɗa rukunin ƙasa ba. Kwatsam wani babban kulob ya ƙyalla ido ya ga golansu, ya saye shi da kuɗin da 'yan unguwa ba su taɓa jin irinsu ba. Aka kira taro a shagon Mai Aski, don nan ne kaɗai ake da benci biyu da fanka.

Koci ne ya fara magana. Mai walda ne da safe, mai horar da 'yan wasa da yamma, kuma ba ya son dogon zance. Ya ce, "Buƙatarmu kaɗan ce. Gola ɗaya, ɗan baya ɗaya. Abin da ya rage a gyara raga."

Yanka-Ɗaya ya bushe da dariya har tef ɗin awon da ke wuyansa ya zame. "Gola ɗaya! Haba Koci, da wannan ɗan tunanin za mu ɗauki kofi? Ni nan da kuke gani, kasuwar 'yan wasa a tafin hannuna take. Ɗan ƙwallo ai yadi ne. In na murza shi da yatsu biyu na san mai zuba, na san mai ƙarko."

Mai Aski ya ce, "Wai ka taɓa buga ƙwallo kuwa?"

"Kai ka taɓa yi wa kanka askin ƙeya?"

Haka ya yi ta zuba tun ana amsa masa har aka koma gyaɗa kai. Da yunwa ta fara cin mutane sai aka ba shi shugabancin kulob da jakar kuɗin gaba ɗaya, don dai a samu a tashi.

Abin da ya fara saye ba ɗan wasa ba ne. Ya ce kulob daga riga yake farawa. Ya shiga kasuwa ya kinkimo bandir na wani yadi rawaya mai sheƙi, wanda ba ya buɗewa ko an ja shi da jaki, mai shagon kuma ya rantse shi ne na ƙarshe, kamfanin ma ya rufe. Ya auna 'yan wasa, ya kulle shago kwana uku. A al'adar gidan, duk ɗinkin da ya gama sai an shiga da shi ɗakin matarsa, wadda unguwa ke kira Inna, ta goge kafin a ba mai shi. Wannan karon ya hana.

Inna ta leƙo ta ƙofar da ta haɗa shago da tsakar gida. "Baban yara, miƙo su in goge."

"Yadin nan ba ya son wuta, ba ya son ruwa, ba ya son hannun kowa sai nawa."

Ta ƙura wa rigar da ke kan keke ido. "Ko maɓalli ɗaya ba za ka sa a wuyan ba?"

"Kin taɓa ganin jesi da maɓalli? Koma ciki, wannan harka ce ta masana."

Ranar ƙaddamar da riguna fili ya cika, har da masu kallo a kan katanga. Aka fara da Tulu, wani birkila wanda shi ne ɗan gaban Walƙiya. Tulu ba ya gudu, ba ya yanka, amma Allah ya hore masa kai. Duk ƙwallon da ta taso sama ta sauka a kan nan, sai dai gola ya je ya ɗauko ta a raga. Rabin abin da kulob ke ci a kaka da kan Tulu ake cinsa.

Tulu ya zura hannaye, ya cusa kai. Riga ta zo tsakiyar ka ta tsaya cak. Mutum biyu suka ja ta ƙasa, ɗaya ya hau benci yana danna kan ta sama.

Daga cikin riga Tulu ya yi ihu. "Jama'a, rawaya kawai nake gani!"

Koci ya matso ya rage murya, amma muryar mai walda ba ta raguwa. "Shugaba, wuyan ya yi kaɗan. A farke kafaɗa a ƙara masa ɗan ƙyalle."

Kowa ya juyo ya dubi Shugaba. Nan take Yanka-Ɗaya ya gane abin da ya faru. Ya auna wuyan kowa daidai wa daida, ya manta cewa kafin riga ta isa wuya sai ta bi ta kai. Ga riguna sha shida duk haka, ga yadi ya ƙare, ga mutum ɗari suna kallon bakinsa. Ya gyara tsayuwa.

"Wuya lafiyarsa ƙalau. Kan ne ya yi yawa."

"Me ka ce, Shugaba?"

"Da gangan na yi. Wannan ba riga ba ce kawai, rariya ce. Manyan kulob na duniya sun daina sayen masu manyan kai, ku ne ba ku da labari. Babban kai iska yake tarewa, nauyi yake ƙarawa, in an yi satar gida shi alƙali ke fara hangowa. Duk wanda kansa ya wuce ta wuyan nan, ɗan ƙwallon zamani ne. Wanda bai wuce ba, ga kasuwa nan a buɗe."

Aka bi layi ana gwadawa. Cikin sha shida, mutum uku suka wuce, kuma duk ukun 'yan benci ne waɗanda ko a atisaye ba a cika ba su ƙwallo ba. Suka tsaya suna sheƙi, suna kallon juna, sun kasa gane laifin da suka yi aka ɗaukaka su.

Cikin mako guda ya sayar da sha uku. Kulob ɗin Guguwa na bayan tasha, abokan hamayyar Walƙiya tun kafin a haifi rabin 'yan wasan, suka ɗauki Tulu da wasu huɗu ba tare da sun taya ba. Shugabansu sai da ya tambaya sau biyu ko Tulu yana da wani ɓoyayyen ciwo.

Tulu ya zo shago yin sallama, idonsa ya kaɗa. "Shugaba, a unguwar nan aka haife ni, da kan nan aka haife ni."

"To ka tafi da abinka, ai ba mu riƙe maka ba."

Daga nan farauta ta tashi. Yanka-Ɗaya ya rataya tef, ya saɓa riga ɗaya a kafaɗa, ya naɗa Mai Aski babban mai leƙo masa 'yan wasa, tun da babu kan da bai bi ta hannunsa ba a unguwar. Mai Aski kuwa abin nema ya samu, don ya daɗe bai ga abin dariya kyauta ba.

"Akwai wani mai gadin makaranta, kansa kamar ƙwan zabuwa."

"Shekarunsa nawa?"

"Zai yi sittin."

"Ƙwarewa ke nan. Kawo shi."

Labari ya bazu cewa Walƙiya na sayen ƙananan kai, kuma ba ta tambayar ƙafa. Farashi ya tashi. Duk kulob ɗin da ke da wani ɗan benci da ya gagara sayuwa sai a yi masa aski tal, a shafe kan da mai, a turo shi. Wani kulob har sabulu ya goga wa nasa, riga ta zame ta wuce sumul, aka biya kuɗi, aka yi hoto. Bayan kwana goma gashi ya tsiro, kai ya ƙi shiga. Sai Shugaba ya kafa doka, duk ranar wasa kowa ya biya ta shagon Mai Aski da safe. Wani kuma kansa ya yi daidai amma kunnuwa suka yi masa cikas, aka riƙa manne su da filasta, har ya zama ba ya jin usur.

Ana cikin haka mai karanta mitar lantarki ya shigo shago da 'yar takardarsa. Bawan Allah ya sunkuya yana duba lambobi, Yanka-Ɗaya ya tsaya a bayansa yana kallon ƙeya.

"Malam, ɗaga hannu."

"Lafiya?"

Kafin ya rufe baki an zurma masa lamba tara. Kai ya wuce, amma da aka zo cirewa haɓa ta ce ba ta san zancen ba. Aka ja, aka murɗa, aka kwantar da shi a kan teburin yanka, riga ta ƙi fita.

Mai Mita ya ce, "Don Allah ɗauki almakashi ka yanka, ina da gida arba'in ban shiga ba."

"In yanka? Ka san da wa kake magana? Riga ta zaɓe ka. Daga yau kai ne ɗan gabanmu."

"Ni fa ko guje-guje ban yi ba a makaranta. Asma gare ni."

"Ba gudu za ka yi ba, ci za ka yi."

Aka yi masa rajista a ranar. Tun daga nan yake yawon karanta mita da lamba tara a bayansa, in zai yi wanka Shugaba da kansa ke zuwa ya naɗe rigar da leda.

Ranar da kasuwa ta rufe, jaka ta koma fayau, Koci ya jera sababbin 'yan wasa a fili yana bi yana tambayar kowa gurbinsa. Da ya kai ƙarshen layi sai ya zauna a ƙasa.

"Shugaba, gola biyar ka sayo min."

"Ba gola ka ce kana so ba?"

"Ɗaya na ce! Ɗan baya ko ɗaya babu. Waɗannan tagwayen kuma shekara huɗu ba sa magana da juna, ta yaya ɗaya zai ba ɗaya ƙwallo? Wancan dogon ƙwallon kwando yake bugawa, yanzu ya cafe min ƙwallo da hannu a tsakiyar fili."

"Koci, matsalarka ba ka da ido. Ja baya kaɗan ka dube su. Ka taɓa ganin kafaɗa ta zauna haka?"

Wasan farko aka ɗura musu biyar. Na biyu bakwai. Duk ƙwallon da aka ɗago sama sai 'yan Walƙiya su yi tsalle su huɗu, ta wuce ta tsakanin kawunansu ba ta taɓa kowa ba. Mai gadi ya saba da aikinsa, in ɗan gaban abokan karawa ya taho sai ya tambaye shi wurin wa ya zo. Gololi biyar kuwa suka yi ta faɗa a kan raga, aka raba musu minti sha takwas-sha takwas, sauran lokacin su buga gaba.

Riguna dai ba a wanke su. Shugaba ya ce ruwa zai kashe sheƙin, don haka ana tashi wasa sai ya karɓe su, ban da ta jikin Mai Mita, ya fesa musu turare ya kulle a akwatin ƙarfe, ya ɗaure makullin a mazagin wandonsa. Zuwa wasa na shida, kafin Walƙiya ta shigo fili an san ta iso. Ƙwallo ɗaya tal da suka ci a kakar ta dalilin haka ne, don 'yan bayan abokan karawa sun ja da baya suna toshe hanci, Mai Mita ya yi tuntuɓe da ƙwallo ta gangara raga. Yanka-Ɗaya ya zagaya fili da gudu yana ihu, "Tsari! Kun ga aikin tsari!" An tashi tara da ɗaya.

Unguwa ta fara tafasa. Mai shagon kayan masarufi ya daina amsa gaisuwarsa. Direbobin tasha in ya wuce sai su dafe kawunansu su ce, "Shugaba, a rufa mana asiri, muna da iyali." Wata mai jego ta tare shi a hanya ta miƙa masa jaririnta, ta ce ga ɗan gaba, a biya kafin kan ya girma. Mai Aski kuma kullum da sabon labari, yau Tulu ya ci wa Guguwa biyu da kai, gobe uku.

"Ci da kai tsohon yayi ne," in ji Yanka-Ɗaya.

"Amma a teburi ana rubuta shi."

A gida ma bai huta ba. Inna ta ajiye masa abinci ta zauna a gefe. "Baban yara, ba ni makullin akwatin nan na yini ɗaya."

"Ki yi me da shi?"

"In shanya su, su sha iska."

"Na san ki. Daga shanya sai wanki, daga wanki sai guga."

"Ka ji tsoron Allah. Matar Mai Mita ta zo nan tana kuka, ta ce sati shida ba ta ga wuyan mijinta ba. Mutane sun rasa Tulu, sun rasa kuɗi, yanzu kulob zai faɗi. Duk a kan me?"

Ya san a kan me, kuma abin yana cin sa. Sau biyu ya buɗe akwatin nan shi kaɗai da rana tsaka, reza a hannu, ya ɗora ta a kan ɗinkin kafaɗa, sai ya tuna bakin Mai Aski ya mayar da ita aljihu. Amma a gaban Inna sai ya ɗaga hanci. "A kan ilimi. In kin ga mun ɗaga kofi za ki gane."

"Wane kofi? Na shan ruwa?"

Wasan ƙarshe ya zo, kuma da Guguwa. In an ci Walƙiya ta faɗa rukunin ƙasa, abin da bai taɓa faruwa ba. Duk unguwa ta fito, har waɗanda ba su san gola daga alƙali ba. Inna ma ta zo da lema da 'yar jakarta, ta samu wuri a bayan benci. Yanka-Ɗaya ya iso cikin sabon ɗinki, tef a wuya, almakashi a aljihun gaba, ya tsaya a gaban 'yan kallo ya ɗaga hannu.

"Yau za ku ga bambancin wanda ya sayi 'yan wasa da ido da wanda ya saya da awo!"

Tulu ya zo wucewa ya rusuna. "Ina wuni, Shugaba."

"Lafiya. Yaya nauyi?"

Minti goma da farawa hadari ya haɗo. Minti sha biyar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Wannan ne karo na farko da yadin nan ya haɗu da ruwa tun da aka saƙa shi, kuma bai ɓata lokaci ba. Hannun riga ya haye sama, gindin riga ya bar cibiya a waje, wuya kuma ya fara tsukewa.

Mai gadi ne ya fara tsayawa yana nuna maƙogwaronsa. Sai tagwaye, waɗanda suka dubi juna, ɗaya ya ce wa ɗaya "Taimake ni," maganarsu ta farko cikin shekara huɗu. Aka busa usur, mai filasta a kunne bai ji ba, ya ci gaba da gudu idanu waje har ya shige raga ya kwanta. Mai Mita ya durƙusa yana numfashi kamar tsohon famfo.

Alƙali ya tsayar da wasa ya rugo bakin fili. "Wane ne shugaban waɗannan?"

"Ga ni. Yanka-Ɗaya, awo ɗaya..."

"Riguna na shaƙe mutane! A yanke su yanzu, ko in tashi wasa in kira 'yan sanda."

"Ba riga ba ce ta tsuke, ranka ya daɗe. Wuyansu ne ya kumbura don tsoron Tulu."

"Su sha ɗaya, lokaci ɗaya?"

"Haɗin kai ke nan. Ni na koya musu."

Koci ya damƙo shi ya ja shi har gaban Mai Mita. "Ga almakashi a aljihunka. Yanka!"

'Yan kallo suka ɗauka, na Walƙiya da na Guguwa baki ɗaya. "Yanka! Yanka! Yanka!"

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Yanka-Ɗaya ya zaro almakashi, ya kai bakinsa wuyan lamba tara. Ga mutum yana shirin sheƙawa lahira, ga shekara talatin a bakin almakashi. Tausayi ya kama shi, kunya ta fi kama shi, ya tsaya yana buɗe almakashi yana rufewa a iska.

Sai aka ture shi gefe. Inna ce, ta miƙa wa alƙali lemarta ta ce, "Riƙe min nan, ɗana." Ta zaro reza daga jaka, ta kama kafaɗar Mai Mita, ta bi ɗinkin da bakin reza sau ɗaya, zare ya warware tsaf, ko ƙwarzane yadin bai yi ba. Mai Mita ya ja numfashi ya faɗi rigingine yana salati. Ta wuce na gaba. Kafin alƙali ya gama gyara riƙon lema ta sauke mutum sha ɗaya, ta dawo kan na farko da allura da wani ƙyalle rawaya da ta yanko tun a gida daidai faɗin da ake buƙata.

Yanka-Ɗaya ya saki baki. "Ke! A ina kika koyi wannan?"

Fili ya kece da dariya. Mai Aski ya riƙe ciki, ya dafa kafaɗarsa don kar ya faɗi. "Wai da gaske ba ka sani ba? Mu duk mun zaci wasa kake!"

"Ban san me ba?"

"Gugar da ake shiga da kaya ciki a yi, ka taɓa ganin guga ta kwana biyu? Kai ka yanka, Inna ta warware ta ɗinke. Shekara talatin!"

"Ƙarya kake!"

Mai shagon kayan masarufi ya ɗaga hannun rigarsa. "Wannan da ka ɗinka, hannu ɗaya ya fi ɗaya da taƙi guda. Ita ta daidaita."

Wani direba ya ce, "Ni aljihuna a baya ka sa shi."

Wata mata ta ɗaga murya daga kan katanga. "Kayan makarantar 'ya'yana ka ɗinke ƙafar wando ruf, ba wurin fitar ƙafa!"

Alƙali ya leƙo daga ƙarƙashin lema ya dubi Inna da kyau. "Af, Inna, ashe ke ce! Wandon nan da nake alƙalanci da shi, Allah ya saka da alheri."

Yanka-Ɗaya ya dubi sabon ɗinkin da ke jikinsa. Ya juya bakin hannun rigar, ya ga wani ɗinki siriri, miƙaƙƙe, wanda ko a mafarki hannunsa bai taɓa yin irinsa ba. Ya sake shi a hankali. Ruwa yana zuba a kansa, ba wanda zai iya cewa ga abin da ke gangarowa a fuskarsa.

Aka koma wasa. 'Yan Walƙiya sun samu numfashi, amma numfashi ba ya tare ƙwallo. Tulu ya ci huɗu, duk da kai, kuma duk wadda ya ci sai ya juyo wajen benci ya ce, "A yi haƙuri, Shugaba." Da aka busa usur na ƙarshe Walƙiya ta faɗa rukunin ƙasa, da gola biyar, da mai gadi, da jaka babu ko sisi.

Mutane suka kewaye benci, ba mai niyyar tafiya gida. Koci ya miƙa hannu a ba shi makullin akwati. Yanka-Ɗaya ya kwance shi daga mazagi ya bayar, ya dubi jama'a, ya dubi Inna da ke zaune tana ƙarasa wuyan lamba tara. Da wani ne, da nan zai yi shiru. Shi kuwa ya haye kan benci, ya share fuska, ya gyara tef.

"To, na ji. Amma ku tsaya ku yi adalci. Kuna cewa ban iya zaɓen ɗan wasa ba. Wannan da ta riƙe shago shekara talatin kamar gola, ko ƙwallo ɗaya ba ta taɓa wuce ta ba, wa ya hango ta? Wa ya zaɓo ta cikin dubu? Ni ne nan!"

Inna ta ciji zare ta tsinke, ta miƙa wa Mai Mita rigarsa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Sauko, Baban yara, kar ka zame. Ba kai ka zaɓe ni ba, ni na zaɓe ka. Kowa da kuskuren awonsa. Nawa ne dai shekara talatin ina gyara, har yau bai zauna ba."